Kan Gas a Jakar Malam

Samaru, Zariya.

Zuwa ga ɗana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kun sauka Jos lafiya kai da Rifkatu, kun kuma tarar da ɗakin yadda mai gidan ya kwatanta maka. Allah ya tsare ku a garin da ba ku san kowa ba, ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoronsa, ya sa albarka a sabon aikinka.

Ba zan tsaya ba ka labarin gida ba. Kwanan nan kuka tafi, babu abin da ya ƙaru sai shiru. Abin da ya sa na ɗauki biro abu ne da na gani da idona ranar da ake loda kayanku.

Ina tsaye bakin ƙofa ina yi kamar ina lura da ɗaurin igiya, sai abokanka suka fito da sabuwar tukunyar gas da matan zumunta na coci suka haɗa wa Rifkatu. Na ga ka kwance kan, wato ƙarfen nan da ake ɗaurawa a bakin tukunya, wanda in babu shi gas ba ya fitowa, ka jefa cikin jakar da za ka riƙa zuwa aiki da ita. Wani ya ce maka, "Ango, ai wannan na amarya ne." Ka ce, "A'a, wannan nawa ne, gado na yi. Ku tambayi Baba yadda ake sa tukunya ta daɗe." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don idanu na kaina. Mamanka ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ce ta bar abu a wuta, ta shige ciki. Kai ma ka san ba ta bar komai a wuta ba, tunda ni ke girki a gidan nan yanzu.

Na so in ja ka gefe, bakina ya yi nauyi. Shekaru na yi ina tsayawa gaban aji, amma ban taɓa koyon yadda uba ke duban idon ɗansa ya ce masa abin da kake yabona a kai abin kunya ne ba. Don haka ka yi haƙuri da tsawon takardar. Ka nemi wuri ka zauna, ba sauri nake yi ba.

Ciwon ya girmi gas. Tun muna gidan haya a Sabon Gari ya fara, kana goye. Ɗakuna ne kewaye da tsakar gida, mita ɗaya ga kowa. Al'adar gidan ita ce in takardar kuɗin wuta ta zo, sai a bi ɗaki-ɗaki a ga abin da kowa ke kunnawa, ƙwan lantarki, fanka, rediyo, dutsen guga, a raba kuɗin gwargwadon haka. Da yake ni ne malamin makaranta, ni aka ɗora wa rabon. Aka ce Tisha ba zai cuci kowa ba.

To, Tisha yana da hita, irin wadda ake tsomawa a bokiti. A ƙasan kwandon kayan wanki take kwana. Kowace safiya nakan dafa ruwan wankana, na shayina, har da na gyaran fuska, ba ta kuma taɓa shiga rabo ba. Kuɗin wuta ya yi ta hawa. Mutanen gida suka duba suka duba, suka tsaya a kan Mama Uche, wata gwauruwa mai ɗinki da ke ɗakin ƙarshe, don ita ce ake ganin dutsen gugarta kullum. Aka ce a ƙara mata. Ni na ƙara, da hannuna, da rubutuna mai kyau.

Matar nan ta ajiye dutsen lantarki ta koma na gawayi. Wata ya zagayo, takarda ba ta sauka ba. Ta same ni ina goge keke, ta ce, "Tisha, kai ne mai karatu. Ni na bar guga da wuta, yara na kwana ba fanka, to wa yake shan wannan wuta?" Na gyara murya na ce mata wani lokaci mita na tsufa. Ta ce, "Haka ne fa, Tisha," ta yi mini godiya. Ba a daɗe ba ta kwashe kayanta ta koma Dogarawa wajen 'yar'uwarta. Da ta tafi kuɗin bai ragu ba, mutane suka fara kallon juna, ni kuwa na lallaɓa na sayar da hitar a kasuwa. Na taɓa hango Mama Uche bayan shekaru a bakin titi, na tsallaka ɗaya gefen.

Ka ce mini gidanku ma mita ɗaya ce. Ranar farko ka kira mai rabon, ka buɗe masa ɗaki, ka nuna masa duk abin da ke da wutsiyar waya. In ka sayi sabo, ka je ka faɗa kafin a tambaye ka. Sauran dabarun kuwa ba su da wuya. Ku tara guga ku yi ta gaba ɗaya ranar da aka kawo wuta. In aka ɗauke, ku bi ku kashe komai kafin ku fita, don ta kan dawo ba kowa a gida, fanka ta yini tana yi wa bango fifita. Ruwan wanka, baƙar jarka a rana ta isa a yawancin watanni, ko da yake na ji an ce sanyin Jos ba ya jin magana. Ka riƙa duba lambar mita da idonka ka gwada da ta takarda. Wanda kuma ya zo da tsani ya ce zai ja maka waya ta bayan mita, ka ba shi ruwa ya sha ya tafi.

Yanzu ga babbar.

Da muka dawo Samaru aka ƙara mini girma, na ga 'yan'uwana malamai da ma'aikatan jami'a duk suna da gas. Ni ma na sayo. Gaskiya ba don mamanka na sayo ba, don a ga ana sauke tukunya a ƙofar gidana ne. Ta yi murna har ta kira maƙwabta su ga shuɗiyar wuta marar hayaƙi. Ta ce, "Malam, yau ƙasan tukunyata zai ga haske."

Murnar ba ta daɗe ba. Tukunyar farko ta ƙare, na ɗaure ta a bayan mashin zuwa Sabon Gari, na bi layi, na biya abin da ya sa na dawo ban gai da kowa a hanya ba. Ta biyu ta ƙare, kuɗin ya ƙaru. Albashi kuwa yana nan inda yake, wani watan ma sai ya yi nisa kafin ya zo. Wannan ba ƙarya ba ne, zamanin ya yi tsanani. Amma maimakon in zauna da ita in ce ga halin da ake ciki, yaya za mu yi, sai na shiga kicin kamar sufeton makarantu. "Me kika dafa? Sau nawa kika kunna? Ruwan zafin na wane ne?" Ta amsa duka. Ban gamsu ba.

Washegari da safe na jira ta sauke kokona, na kwance kan gas na sa a jaka tare da littattafan yara. Ta bi hannuna da kallo, ta ce, "Malam, na rana fa?" Na ce ai akwai murhu a baya, iyayenmu da shi suka rene mu. Da yamma in na dawo sai in ɗaura, ta ɗumama mini miya, ta dafa mini shayi. Ka lura da kyau. Gas na aiki a lokacin da cikina ke gida. Tuwon rana, ruwan wankanku, waken da ke cin lokaci, duk a kan itace da dusar katako, a rumfar nan ta bayan gida da ba ta da taga.

Har abin dariya ya faru, da yake kunya ba ta zuwa ita kaɗai. Wata rana a ofishin malamai na jawo rajista, kan gas ya biyo ta ya faɗi ƙasa, ya gangara har ƙafar hedimasta. Ya ɗauka ya jujjuya, ya ce, "Malam Dauda, wannan kuma na wane darasi ne?" Na ce na kimiyya ne, zan nuna wa 'yan aji shida yadda iska ke bin bututu. Ya yaba mini a gaban kowa, ya ce sauran malamai su yi koyi da ni. Dole ta sa na shiga aji na yi darasin. Yaran sun fahimta sosai.

Ka tuna kakarka ta wajen uwa, Inna, mai zuwa daga ƙauye ba sanarwa? Ta zo wata rana tsakiyar damina, ina makaranta. An kwana ana ruwa, itace ya jiƙe. Mamanka ta durƙusa tana hura wuta don ta yi wa uwarta abinci, hayaƙi ya cika rumfa, wuta ta ƙi. Inna ta leƙa kicin ta ga tukunyar gas tsaye an lulluɓe ta da ƙyalle mai ado. Ta ce, "Saratu, wannan ta kallo ce?" Mamanka ta ce, "Ya ƙare ne, Inna, Malam zai sayo." Tsohuwar ta kama hannun tukunyar ta jijjiga. Wadda ta yi rayuwarta tana ɗaukar tulu ta san abu mai ciki. Ta ajiye, ta mayar da ƙyallen.

Na dawo na tarar da baƙuwa, na gaishe ta har ƙasa. Ban iya fito da kan daga jaka ba, don in na fito da shi na ƙaryata matata a gaban uwarta, na kuma tona kaina. Kwanakin da Inna ta yi, a jaka ya zauna, mu duka muka ci abinci mai ƙaurin hayaƙi, ina ta cewa za a sayo, za a sayo. Ranar da za ta tafi ta kwance bakin zanenta, ta ba 'yarta kuɗin daddawar da ta sayar. Bayan na raka ta tasha na dawo, mamanka ta miƙo mini su da hannu biyu, ta ce, "Inna ta ce a sayi gas."

Ishaya, na karɓa. Na sa a aljihu. 

Duk da wannan tsaro, tukunya ba ta daɗewa yadda nake so, har na fara zargin ko mamanka ta samo wani kan a maƙwabta tana ɗaurawa in na fita. Na faɗa mata haka, ta dube ni kawai. Wata Asabar tana wanke-wanke kusa da tukunyar, na ɗaura kan ke nan, ruwan sabulu ya fantsama a bakin. Sai na ga kumfa na tashi, tana kumbura tana fashewa. Na tsuguna na kasa kunne, na ji siririn huci. Robar da ke cikin bakin ta cinye saboda kwancewa da ɗaurawa kullum. Wato duk daren da na ɗaura, gas na zurarewa har gari ya waye, muna kwance da ku a ɗaki na kusa, ga fitilar ƙwai a kan tebur. Ɓarawon da nake nema a gidan, shi ke ɗauke da jaka.

Da a tatsuniyoyin da aka yi mana muna yara ne, nan ne mutumin zai faɗi ya nemi gafara, a watse. Ni sabuwar roba na sayo. Na ce mata kayan yanzu ba su da ƙarko, na ci gaba da abin da nake yi. Ka girma kana ganin haka, ka ɗauka hikima ce. Laifin wa?

Idanun mamanka sun fara da ja da ƙaiƙayi, tana shafa kwalli tana cewa zai wuce. Sannan ta fara ba ka allura ka zura mata zare. Sannan ta daina ɗaukar littafin waƙoƙi zuwa sujada, ta ce ai ta haddace. Sai da ta zuba gishiri a kokona maimakon sukari na kai ta asibiti, ka ga ko a nan ma sai da abin ya taɓa bakina. Likita ya haska, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Mama, da me kike girki?" Ta juyo inda nake, ta mayar da kai, ta ce, "Da abin da aka samu." Ya ce daga yau kada ta ƙara kusantar hayaƙi. Ban ce hayaƙi ne kaɗai ya yi mata wannan ba, shekaru ma na da nasu. Amma na san wanda ya tura ta rumfar. Abin da na kashe a magani da tabarau da zirga-zirgar asibiti ya sayi tukwanen gas da za su cika kicin ɗin har ƙofa, idon kuma bai dawo yadda yake ba.

Daga ranar na ɗaura kan ban sake kwancewa ba. Amma yanzu ba ta ganin shuɗiyar wutar sosai, ta taɓa ƙona hannun riga. Da na yi ritaya sai na karɓi girkin. Tana zama a kujera 'yar tsuguno bakin ƙofa tana ba da umarni, ni ina "to, to" kamar sabon ɗalibi.

Ranar farko na ce wake zan dafa. Na kunna wuta, sannan na tafi neman tukunya. Na samu, na ɗora, sannan na fara tsince waken. Na zuba shi busasshe, na bar tukunya a buɗe don in riƙa ganin yadda yake ciki. Rana ta take, ta karkata, wake na nan kamar tsakuwa. Da irin wannan girki, tukunyar gas da na cika da hannuna ta ƙare a ƙasa da rabin lokacin da take yi mata a farkon zuwanta, lokacin da nake kiran mamanka mai ɓarna. Na fito ina jijjiga ta ina mamaki. Mamanka ta ce, "Malam, ko in riƙa ajiye maka kan ne in za ni kasuwa?" Ta yi dariya har da hawaye. Ni ban san inda zan sa fuskata ba.

Duk abin da na sani na tattalin gas, a bakin ƙofar nan na koya, daga wadda na hana. Ga shi, kyauta. A jiƙa wake tun dare, a sa 'yar kanwa. A yanka albasa, a jajjaga kayan miya, a auna ruwa, komai na gaban mutum kafin ya ƙyasta ashana. Tukunya da murfinta, kullum. In ta tafasa a rage wuta, tafasa ba ta da ta biyu. Kada harshen wuta ya leƙo gefen tukunya, wanda ya leƙo ɗaki yake dafawa. In wutar ta koma ja, bakin murhun ya toshe, a goge shi. Miya a yi mai yawa ta kwana biyu. Ruwan shayi a dafa sau ɗaya a zuba a filas. In an gama a rufe daga tukunyar gas, kan kuwa a bar shi inda yake, sai ranar da za a je cikowa. Lokaci-lokaci a shafa ruwan sabulu a bakin da jikin tiyo, in an ga kumfa a rufe, a buɗe taga, kada a kunna komai.

Na tabbata Rifkatu ta san rabin wannan tun tana gidansu, sauran rabin kuma za ta gano kafin kai. In kuɗi ya yi ƙaranci, zai kuwa yi, ka faɗa mata gaskiyar abin da ke aljihunka, ku yanke tare ranar da za a yi gas da ranar da za a yi risho. In ta kama a yi gawayi, ka fito da murhun fili, ka kuma zama kai ne mai fifita. Duk tattalin da na yi a rayuwata, da na zauna na duba, ban rage komai ba. Ɗauka na yi na ɗora wa wanda ba zai iya yi mini gardama ba, na farko gwauruwa, na biyu matata.

Wataƙila ka ce wasa kake yi ranar nan. Na yi ta faɗa wa kaina haka. Amma na ga yadda ka ja zif ɗin jakar, na san hannun, nawa ne. Rifkatu marainiya ce, ba ta da Inna da za ta zo ta jijjiga tukunya. A garin nan ba ta da kowa sai kai. In ka fara, ba za ta faɗa mana ba, za ta ce ya ƙare ne, Ishaya zai sayo.

Saboda haka abu biyu nake roƙo. Na farko, ka buɗe jakar nan yau, ka ɗaura mata kayanta, ka gwada da ruwan sabulu.

Na biyu ya fi mini wuya. In ka gama karantawa, ka miƙa wa Rifkatu takardar nan ta karanta da kanta, tun daga sama, ba tare da ka tsallake mata komai ba. Na san abin da nake faɗa. Yarinyar nan ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, tana durƙusawa tun daga ƙofa, tana ganin surukinta dattijon coci ne. Bayan yau za ta san ni ne mutumin da ya sa kuɗin daddawar tsohuwa a aljihu, kuma da Kirsimeti zan zauna ta kawo mini abinci da wannan sanin a ranta. Na yarda. In kai kaɗai ka sani, wata rana wata zai yi nisa ka manta. In ta sani, akwai mai tuna maka a cikin ɗakin.

Rifkatu, 'yata, in kin iso nan, sannu da karatu. Ki dafa abin da za ki dafa. In ya yi miki maganar gas, ki ce ya zo ya tambayi Baba.

Allah ya kiyaye ku daga wuta da ruwa da sharrin hanya, ya ba ku lafiya da abin da zai ishe ku, ya sa ku tsufa kuna ganin juna da idanunku. Mamanku na gaishe ku ƙwarai.

Ni ne mahaifinku,
Dauda.